Buhu ko Bokiti: Wanne Ya Fi Riƙe Shuka a Tsakar Gidan Kano?

Ƙanwata da ke aure a Ɗorayi ta kira ni ran nan bayan magariba. "Yaya," ta ce, "ina so in dasa tumatir da attaruhu, amma ka san tsakar gidanmu siminti ne ko'ina. Ina ta ganin tallar wasu jakunkunan shuka na yadi a Facebook, wai sun fi roba. In sa kuɗi in saya, ko in nemi bokitan fenti irin naka?" Kafin in ba ta amsa sai na yi mata tambaya biyu: ruwan gidanku daga ina yake zuwa, kuma wa ke wuni a gida? Ta yi mamaki, don a ganinta maganar mazubi take yi, ba ta ruwa ba. Amma a Kano waɗannan tambayoyin su ne ke raba gardama tsakanin buhu da roba, fiye da duk abin da mai talla zai faɗa.

Na shiga wannan harka ne a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kadawa da Kura da kewaye. Wanda ya leƙa 'Yankaba a lokacin ya san yadda kwando ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma miyar kuka da tumatirin gwangwani. Da bokitan fenti shida na fara, daga baya na shigo da buhuna, yau kuma ina da duka biyun jere a jikin katanga.

Sai an fara warware abin da ake nufi da buhu, don kalmar ta haɗa abubuwan da halinsu ya sha bamban. Akwai jakar da aka yi musamman don shuka, mai kauri kamar bargo, yawanci baƙa ko ruwan toka, da hannaye biyu. Ita ba saƙa ba ce, zaren roba ne aka danne ya manne da juna, iska da ruwa na ratsa ta ta ko'ina. Akwai buhun hatsi da kowa ya sani, na masara ko gero ko taki, wanda aka saƙa da siraran zaren leda. Shi ma yana numfashi ta ƙofofin saƙar, amma bai kai jakar ba. Akwai algarara, irin wanda aka gina dalar gyaɗa da shi a garin nan. Sannan akwai wanda ke yaudarar mutane: buhun da aka shafe da leda mai sheƙi, irin na wasu shinkafa da na siminti, da kuma baƙar ledar masu renon dashe. Waɗannan halinsu na roba ne ko da an kira su buhu. Kafa bakinka a jikin buhun ka hura. In iska ba ta fita ta ɗaya gefen ba, ɗauke shi a matsayin bokiti, ka huda shi kamar bokiti.

A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, daɓen siminti kuwa ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Shukar gona saiwarta na can cikin ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Shukar mazubi tsakanin saiwarta da rana bango ne mai kaurin farce. Shekarata ta biyu na dasa tattasai a wasu baƙaƙen robobi. Wajen la'asar na tura yatsa a gefen da ke kallon yamma, na ji ƙasar kamar ruwan wankan jego. Shukar ta yi yaushi alhali ƙasar da danshinta. Na ƙara ruwa, ba ta miƙe ba. Da na zazzage guda ɗaya sai na tarar saiwoyin gefen rana sun koma ruwan ƙasa, sun dahu. Saiwar tumatir da tattasai ta fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 30. In zafin ƙasa ya zarce haka da yawa, sai ta kasa jan ruwa ko da yana kewaye da ita.

Nan ne buhu ya yi wa roba fintinkau, kuma duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san dalili. Randa na naso, iska na busar da nason, bushewar ce ke tafiya da zafin. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Jakar yadi randa ce da aka cika da ƙasa. Iskar Kano kuma kafin ruwa ya sauka busasshiya ce ƙwarai, irin wadda wannan sanyayawar ta fi aiki a cikinta. Ka taɓa jikin jiƙaƙƙiyar jaka da tsakar rana, ka taɓa bokitin da ke kusa da ita, hannunka zai gaya maka bambancin. Sai dai in za a yi wa roba adalci, launi na da nasa: farin bokitin fenti ba ya ɗaukar zafi kamar baƙi ko shuɗi mai duhu. Robar da ake hango cikinta kuma a guje ta, haske na shiga ya haifar da gansakuka, saiwa kuwa duhu take so.

To amma sanyin nan ba kyauta ba ne, da ruwa ake biyansa. Bokiti ta sama kawai yake asarar ruwa. Jaka ta sama da ta gefe. Ɗauki mazubin da faɗin bakinsa santimita 30 ne, tsayinsa ma 30, wato mai cin kusan lita 20: faɗin jikinsa in aka warware shi ya ninka na bakinsa sau huɗu. Duk wannan filin a jakar yadi a buɗe yake ga iska. A gidana, lokacin hunturu, jarka ɗaya mai lita 25 kan wadaci bokiti goma na tumatir a rana. Jaka goma kuwa sai na kusa ƙarar da biyu, kuma in iskar nan mai ƙura ta taso sai na ba su safe da yamma. Mai rijiyar burtsatse a gida ba zai ji wannan a jikinsa ba. Wanda kuwa yake tsayar da mai garuwa a ƙofa yana lissafin na girki da na wanki da na alwala, jarka ɗaya ta ƙari kullum tsawon wata huɗu kuɗi ne da kan iya fin kuɗin tumatirin da zai tsinka.

Ba yawan ruwan kaɗai ba ne, akwai lokacinsa. Bokiti yana yafiya. In ka manta da shi wuni guda zai jira ka. Jaka ba ta jira. Ɗan kasuwar da ke fita Kantin Kwari da safe bai dawo ba sai bayan isha, in ba wanda zai duba masa, zai riƙa tarar da ganye a langaɓe. Tumatirin da yau ya sha ƙishi gobe ya sha ya ƙoshi shi ne kake gani gindin 'ya'yansa ya yi baƙi ya lotsa. Mutane kan ɗauka cuta ce su sayo maganin feshi, alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa ɗan ba, don ruwan da ke ɗauko shi daga ƙasa yana yankewa. Wani abin da ya daɗe yana ba ni wahala kafin in gane shi: in ƙasar jaka ta bushe ƙayau, ruwan da ka zuba ba ya shiga tsakiya, gefe yake bi ya fice ta jikin yadin. Kana ganin daɓe ya jiƙe ka ɗauka shuka ta sha, ita kuwa tana nan da ƙishinta. Maganinsa a zuba kaɗan, a bari minti goma, a dawo a ƙara. Ko a tsoma jakar cikin baho ta ja ruwa ta ƙasa.

Da damina ta kankama sai lamarin ya juye. A watan Agusta, lokacin marka, ana iya kwana a wuni ana zuba ruwa, kuma nan ne bokiti ke kisa. Saiwa na buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. In ƙasa ta cika ta tumbatsa kwana biyu uku, saiwar kan shaƙe ta ruɓe, ganyen ƙasa ya yi rawaya, ƙasar ta riƙa warin kwata. Attaruhu da tattasai sun fi kowa rashin haƙuri da wannan. Yawancin masu bokiti huda biyu uku suke yi a gindi, su ɗora shi a kan siminti, simintin ya toshe hudar. A ɗora ƙusa babba a wuta, a huda a gefe can ƙasa dab da gindi, kamar shida zuwa takwas a kewaye, a ƙara na gindin, sannan a ɗora bokitin a kan bulo biyu. Tsakuwar da wasu ke zubawa a ƙasan bokiti ba ta taimakawa. Wurin saiwa take ci, ruwan kuma ya tsaya a ƙasar da ke samanta. Kuma kada a bar faranti ko murfi a ƙarƙashi yana tara ruwa, don cikin mako guda zuwa kwana goma sauro ya gama ƙyanƙyasa a ciki. Jaka da buhun saƙa ba su san wannan matsalar ba. Duk yawan ruwan sama, zai tsiyaye ya tafi.

Abin da masu talla suka fi kururutawa shi ne saiwa, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba ga kowace shuka abin ya shafa ba. A cikin roba, saiwa in ta iske bango sai ta bi shi tana zagaye, har ta naɗe kanta kamar gammo. A jakar yadi, in bakinta ya kai inda iska take sai ya bushe ya tsaya, shukar ta fitar da sababbin ƙanana daga baya, ƙasar ta cika da siraran saiwoyi masu shan ruwa da abinci. Ga lemun tsami ko gwaba ko mangwaron aure da zai shekara biyu uku a mazubi, wannan babban abu ne, musamman in wata rana za a mayar da shi ƙasa. Itacen da saiwarsa ta yi gammo ko an dasa shi a fili ba ya sakewa da wuri. Amma alayyahu da salak da lansir da ake yankewa cikin 'yan makonni, ko tumatirin da wata huɗu zuwa biyar ya gama rayuwarsa, ba su daɗe har gammon ya cutar da su ba muddin bokitin ya kai lita 20. Ban ga dalilin sayen jaka mai tsada don alayyahu ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa ƙasa iri ɗaya a zuba wa duka biyun. Bokiti na riƙe ruwa, don haka ƙasarsa sai ta zama sakayau: jan ƙasa ko ta lambu, da yashi, da ɓuntun shinkafa, da ruɓaɓɓen taki. Laka zalla a bokiti tubali take zama. Jaka kuwa tana sakin ruwa, sai a rage yashi a ƙara taki don ya riƙe danshi. Taki dai Kano ba baƙonta ba ne. Tun kakanni jakuna ke fita da mangaloli cike da toka da kashin dabbobi daga cikin birni zuwa gonakin bayan ganuwa. Kashin awaki da na tumaki da ya daɗe ya huce shi ne na fi yarda da shi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kuma a bokiti ƙunar ta fi tsanani don babu inda zafinsa zai tsere. Takin zamani ma haka: ruwan da ke fita ta jikin jaka yana tafiya da abinci, don haka ita kaɗan-kaɗan ake ba ta akai-akai. Ni murfin kwalba ɗaya na kamfa nake binnewa nesa da gindin shuka duk mako biyu. A bokiti kuwa gishirin taki da na ruwan rijiya taruwa yake yi, har bakin ganye ya ƙone. Lokaci-lokaci sai a kwarara ruwa har ya fito ta huda ya wanke ƙasar. Farin da ke fitowa a jikin jaka kamar kanwa, gishirin ne ya fito waje, kuma gara ya tsaya a can.

Maganar ƙarko da kuɗi ba ta da tsawo. Buhun hatsi ya fi komai araha, a Dawanau ko wajen mai awo na unguwa za ka samu, amma rana ce ajalinsa. Shuka ɗaya yake yi, daga nan ya fara zama gari, ka taɓa ya yage, zaren ledar ya watsu a gida har akuya ta haɗiya. Algarara ya fi kowa sanyi da numfashi, sai dai gindinsa kan ruɓe cikin 'yan watanni, gara kuma na sonsa. Jakar yadi ta kirki nawa sun shiga shekara ta uku, ɗinkin hannayen ne ya fara saki. Wanda ke da tela na kusa zai iya sa a ɗinka masa daga tsohon bargo mai kauri ko wandunan jins na gwanjo, amma a ce masa ya yi da zaren roba, na auduga ruɓewa yake yi. A ɓangaren roba, bokitin fenti mai kauri kan yi shekaru, su kuwa siraran robobin nan masu launi da ake samu a Ƙofar Wambai an yi su ne don cikin ɗaki, rana na busar da su su tsage da an ɗaga. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: abin da za a ci ba a shuka shi a mazubin da ya ɗauki maganin feshi ko baƙin mai, ko gangar masana'anta da ba ka san me ta ƙunsa ba. Bokitin fentin ruwa a kankare a wanke tas. Jarkar man gyaɗa da aka yanke samanta ma ta yi, kuma ta fi kwanciyar hankali.

Ɗan haya yana da nasa lissafin. Jaka da buhu naso suke yi ba dare ba rana, daɓe ya yi baƙi, katanga ta ja danshi, fenti ya fara ɓarewa, mai gida ya zo da magana. A janye su daga bango kamar taku guda, a ɗora a kan katako ko bulo. Ranar tashi kuma bokiti ka kama hannunsa ka sa a mota. Buhu da an ɗaga ƙasar ta tsage, saiwa ta tsinke, in ya sha rana ma gindin ne zai zube maka a ƙafa. Masu ɗorawa a saman bene su tuna jiƙaƙƙiyar ƙasa lita 20 ta kai kilo 25 zuwa 30, goma sun haura kilo 250, don haka a jera su ta kan bango da ginshiƙi, kada a tara su a tsakiyar rufi. A can sama iska ta fi ƙarfi, jaka ta fi saurin bushewa.

Inda buhun hatsi ya fi su duka shi ne abin da ke yin 'ya'ya a cikin ƙasa. Dankalin Hausa da doya suna son zurfi da ƙasa mai taushi, buhu mai cin kilo 50 ya ba su wannan, ranar haƙa kuma wuƙa kawai za ka sa ka tsaga gefe, ba fartanya balle ka sare doyar. Tunda dama buhun shuka ɗaya zai yi, babu asara. Kuɓewa da yakuwa da rama na damina ma buhu ya ishe su. Na'ana'a kuwa mai son danshi ce kuma mai mamaye wuri, roba ta fi dacewa da ita.

Dabarar da ta fi yi mini amfani daga wani dattijo mai lambu na same ta, a bakin titin Nasarawa inda ake sayar da dashen furanni. Na kai masa kukan baƙaƙen robobina, ya ce, "Malam, ai roba ba ta da laifi, tsirara ka bar ta. Sa mata riga." Ya nuna mini nasa: bokiti ne a cikin tsohon algarara, an ɗaure baki da igiya. Rana na dukan buhun ba ta kai ga robar ba, in zafi ya yi tsanani ya yayyafa wa buhun ruwa kofi ɗaya, sanyin randa ya samu, ruwan cikin ƙasar kuma yana nan a tsare. Na ce, "Baba, in jaka ce fa?" Ya ce a jera su manne da juna don su kare wa juna iska, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a bazara kuma a zaunar da kowace a cikin baho mai ruwa kaurin yatsa biyu wanda za ta shanye kafin dare. Duka biyun na gwada, duka sun yi. Sai dai ko wace riga aka sa wa mazubi, tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya sosai in zafin iska ya wuce digiri 35, fure ne zai yi ta zubewa. Wannan sai inuwar bayan azahar, ko a bar wa lokacin sanyi.

Ƙanwata ta ce ruwansu na garuwa ne, famfo sai an yi sa'a, ita kuma tana koyarwa a Islamiyya da safe sai azahar take dawowa. Na ce mata ta nemi fararen bokitan fenti takwas, ta huda su ta gefe, ta sa musu rigar algarara, ta jera su a jikin katangar da inuwa ke sauka bayan azahar. Biyar tumatir, uku attaruhu, kowane bokiti shuka ɗaya. Ta zuba iri a tsohon baho cikin Oktoba, ta dasa bayan mako huɗu, don furen ya faɗo cikin sanyi. In damina ta zo ta ɗauko buhunan masara biyu ta sa kuɓewa da dankali. Jakar yadin kuma na ce ta sayi guda ɗaya babba, ta dasa lemun tsamin da maigidanta ya kawo daga ƙauye, tunda sun ce in Allah ya nufa suka gama gininsu za su tafi da shi su sa a ƙasa.